Yadda ake sama wa ƙungiyar agaji rajista da amincewar gwamnati a Kebbi kafin a nemi kuɗin tallafi

Kebbi ba ta rasa masu taimako ba. Daga Kamba har Zuru, kowane gari akwai matasan da ke karo-karo su yashe kwata, da matan da ke ɗinka wa marayu kayan sallah, da masu kai mara lafiya asibiti cikin dare. Wadda ke wuyar samu ita ce ƙungiyar da in aka fitar da sanarwar neman abokan aiki, aka ba da wa'adin mako biyu, za ta ɗauko fayil guda ta miƙa ba tare da kai-kawo ba. Kuɗin gwamnati, da wanda ke shigowa ta Bankin Duniya ko Majalisar Ɗinkin Duniya, harajin wasu mutane ne, kuma jami'in da zai sa hannu a sake shi, shi ma akwai mai bincikensa. Shi ya sa ko ya san ku, ko ya ga aikinku da idonsa, takarda zai tambaya. Tun da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin ayyukan lafiya a jihar nan, masu nema sun yi yawa, ƙofofi sun ragu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma haɗa waɗannan takardu kan ci watanni.

Ku fara sanin irin ƙungiyar da kuke

In ƙungiyarku ta manoman shinkafa ce a Suru ko Argungu, kuna haɗa jari ku sayi taki ku raba riba, to ku ƙungiyar gama-kai ce, rajistarku tana ofishin da ke kula da ƙungiyoyin gama-kai na jiha. In kuma ƙungiyar raya unguwa ce da ba ta da niyyar wuce gyaran rijiya da rufin aji, rajistar ƙaramar hukuma kan wadatar. Wannan bayani na waɗanda ke son karɓar kuɗi da sunan ƙungiya ne, su sa hannu a yarjejeniya, su yi aiki a ƙananan hukumomi da dama. Su dole sai sun bi ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin sashen F na dokar kamfanoni, CAMA, ta 2020, wato rajistar amintattu.

Mataki na farko: zaɓen amintattu

A nan ake yawan yin gaggawa, a nan kuma ake dasa rigimar da za ta tashi bayan shekara uku. Amintattu su ne mutanen da doka ta sani. Da sunansu ƙungiya ke mallakar fili, su ake kai ƙara, su ke kai ƙara. Doka ta ce aƙalla mutum biyu. Ba a sa wanda bai kai shekara 18 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai farfaɗo ba, ko wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce.

Biyu ya halatta, amma ni ina ganin biyar ya fi. Kuma kada a cika jerin da 'yan gida ɗaya. Mai tantancewa da ya ga shugaba, da matarsa, da ƙanensa, da surukinsa, ya gama yanke hukunci tun bai buɗe shafi na biyu ba. A nemo malamin makaranta mai ritaya, a nemo wanda ya san lissafi, a sa mace aƙalla ɗaya ko biyu, ba don ado ba, don masu ba da tallafi suna ƙirgawa, kuma akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba. Sarakuna da hakimai a ba su matsayin uban ƙungiya. Hakimi ba zai zo layin banki ya sa hannu ba, kuma ba wanda zai iya cewa ya sauka in wa'adi ya cika. 'Yan siyasa masu riƙe da muƙami kuwa a yi nesa da su a takarda, ko da kuwa su suka ba da kuɗin farko, domin banki da masu tallafi suna tsananta bincike a kansu.

Akwai wani abu da mutane ba sa so a faɗa. Dokar CAMA ta hana ɗan majalisar gudanarwar ƙungiya, wato masu sa mata ido, ya riƙe muƙami mai albashi a ƙungiyar, in ban da wanda ya shiga majalisar ta dalilin muƙaminsa. Wanda ya kafa ƙungiya sai ya zaɓa: ko ya zauna cikin masu sa ido ba albashi, ko ya zama daraktan da ake biya, wasu su sa masa ido. Mutum ɗaya ya zama shugaban amintattu, darakta, ma'aji, kuma mai riƙe da littafin cak, wannan shi ne abu na farko da ke kayar da ƙungiyoyinmu a tantancewa.

Kafin a ci gaba, kowane amintacce ya kawo takardar NIN ɗinsa da bayanan BVN a ajiye su gefe da gefe a kan tebur. A duba harafi bayan harafi. In NIN ta ce Muhammad Bello Umar, BVN ta ce Mohammed Umar Bello, ko ranar haihuwa ta bambanta da wata guda, a je ofishin NIMC ko banki a gyara yanzu. Wannan ƙaramin saɓani shi zai tsayar da ku a CAC, ya sake tsayar da ku a banki, ya sake tsayar da ku a SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram.

Mataki na biyu: suna, tsarin mulki da jarida

Ana nemo suna a shafin CAC na intanet, a jira amincewa. A shirya suna biyu ko uku, don ana iya cewa wani ya riga ku. Kalmomi irin su Federal, National, State da Government ba a ba da su sai da izini na musamman, saboda suna sa a ɗauka hukuma ce. Sunan da aka amince da shi, shi za a riƙa rubutawa ko'ina, ba ƙari ba ragi, har a allon ƙofar ofis.

Tsarin mulki kada a ari na wata ƙungiya a canza suna kawai. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne manufofi. In kun rubuta tallafa wa marayu kaɗai, gobe aka fito da aikin ruwan sha ko na ambaliya, za a ce ba huruminku ba ne. In kuma kun jera abu ashirin, daga noma har yaƙi da ƙanjamau, za a gane ba ku ƙware a komai ba. Huɗu ko biyar masu alaƙa da juna sun isa. A fayyace yadda ake naɗa amintacce da yadda ake cire shi, tsawon wa'adi, mutum nawa ke cika taro, su wa ke sa hannu a banki, da wa ke naɗa odita. Sannan akwai sharaɗi na musamman da CAC ke buƙata: cewa dukiyar ƙungiya ba a raba ta ga mambobi, kuma in an rushe ta, abin da ya saura wata ƙungiya mai irin manufarta za a miƙa wa.

A kira taro na gaske, a rubuta bayanan taron da aka zaɓi amintattu da wanda aka amince da wannan sharaɗi, shugaba da sakatare su sa hannu. Kowane amintacce ya cike takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa na kotu, da hoton fasfo.

Daga nan sai sanarwa a jaridu biyu masu fitowa kullum, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, ɗauke da sunan ƙungiya, sunayen amintattu da manufofi. A jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Ku sayi jaridar ranar, fiye da kwafi ɗaya, ku adana shafin gaba ɗaya yadda kwanan wata zai fito. In ba ƙorafi, sai a ɗora takardu a shafin CAC, a biya kuɗin hukuma ta Remita, manhajar biyan kuɗin gwamnati, satifiket ya fito da lamba mai farawa da IT.

Yawanci lauya ko wakilin da CAC ta amince da shi ake ba wa wannan aiki, kuma ba laifi. Amma ku buɗe imel na ƙungiya tun farko, ku sayi layin waya na ƙungiya, ku ce da su za a yi komai. An sha ganin yaron shagon intanet ya yi rajista da imel ɗinsa da lambarsa, bayan shekara biyu ya koma wani gari, ƙungiya ta rasa hanyar shiga shafinta. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu.

Mataki na uku: haraji, SCUML da banki

Kasancewa ƙungiyar agaji ba ya nufin ba ruwanku da ofishin haraji. Kuna buƙatar lambar TIN daga hukumar haraji ta tarayya, FIRS, wadda sabbin dokokin haraji na 2025 suka mayar NRS. Gudummawar da kuka karɓa don aikin agaji ba a cire mata harajin riba, amma dole ku riƙa miƙa bayanan shekara, in ba haka ba ba za ku samu takardar shaidar haraji ba, kuma kusan kowace sanarwar gwamnati tana neman ta. Harajin albashin ma'aikatanku kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kebbi ake kai wa. Haka in kun ba ɗan kwangila aiki, akwai kason da za ku cire ku miƙa.

SCUML sashe ne a ƙarƙashin EFCC da ke sa ido kan halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci. Rajistarsa ta intanet ake yi, kuma kyauta ce. Duk wanda ya ce akwai kuɗin hukuma, ladan kansa yake nema. Za a nemi satifiket ɗin CAC, tsarin mulki, TIN da bayanan amintattu. Wasu bankuna kan buɗe muku asusu su ɗaure shi, kuɗi na shiga ba ya fita, har sai kun kawo wannan takarda.

Kada mutanen Kebbi su ɗauki wannan a matsayin cika-sharaɗi kawai. Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a 2021, ta ayyana Lakurawa a farkon 2025. Ƙungiyar da ke aiki a Danko-Wasagu, Sakaba, Augie ko Arewa, in ta biya wani kuɗin wucewa a hanya, ko ta raba kaya ba ta san hannun wa suka faɗa ba, ta shiga hurumin dokar ta'addanci ta 2022. Saboda haka a riƙa rubuta wanda ya karɓa, a san wanda ake ba kwangilar mota, a sanar da jami'an tsaro da hakimin yanki kafin a shiga. Dokar halatta kuɗin haram ta 2022 kuma ta hana ƙungiya ko kamfani biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 10 ba ta banki ba, ɗaiɗaikun mutane kuma miliyan 5.

Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, masu sa hannu aƙalla biyu kafin kuɗi ya fita. Daga ranar da aka buɗe shi, ko naira dubu biyar wani bawan Allah ya bayar, ta nan za ta bi. Asusun shugaba na kansa ya daina karɓar kuɗin ƙungiya.

Mataki na huɗu: ƙaramar hukuma da ma'aikatun jiha

Satifiket ɗin CAC ya ce kuna nan a doka. Bai ce jihar Kebbi ta san ku ba. Ku fara daga ƙaramar hukumar da ofishinku yake, sashen da ke kula da walwala da ci gaban al'umma, ku yi rajista, ku karɓi takardar gabatarwa. Ku kai gaisuwa fadar hakimi da bayanin aikinku. Jihar tana da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, kuma duk inda za ku faɗaɗa aiki sai kun sake yin wannan gaisuwa.

A Birnin Kebbi, ma'aikatar da aikinku ya shafa ita ce gidanku. Masu harkar mata, yara da marayu, ma'aikatar mata. Gidan marayu musamman ba a buɗe shi sai da izininta. Masu lafiya, ma'aikatar lafiya da hukumar lafiya matakin farko. Masu makarantu, ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Masu agajin ambaliya, irin wadda ta cinye gonakin shinkafa a 2020, hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA. Bayan wannan ku gabatar da kanku ga ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, don ita ke haɗa kan masu kawo tallafi daga waje, kuma in sun tambayi jerin ƙungiyoyin gida, a irin waɗannan ofisoshi ake ba su.

Ga yadda ake kai wasiƙar. A buga ta a takarda mai tambarin ƙungiya, zuwa ga kwamishina, ta hannun babban sakatare. Shafi ɗaya: su wa ku, me kuke yi, a ina, me kuke nema. A haɗa da kwafin satifiket, tsarin mulki, TIN, SCUML, sunayen shugabanni da lambobinsu, da taƙaitaccen rahoton ayyuka mai hotuna. A yi kwafi biyu. A kai ofishin karɓar wasiƙu, ba a miƙa wa wani sananne a baranda ba. Ma'aikacin ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku, ya sa hannu. Wannan kwafi mai hatimi shi ne hujjarku ranar da aka ce ba a ga fayil ba. A tambayi teburin wane darakta za ta je, a koma bayan mako guda, cikin ladabi, da kwafin a hannu. Duk kuɗin rajista da aka ce a biya, a karɓi rasit na gwamnati.

In ma'aikata ta yarda, ku nemi a sa hannu a yarjejeniyar fahimtar juna, ko da ba ta ƙunshi ko kwabo ba. Kuma in an kira taron ƙungiyoyi ku je, ku riƙa aika rahoto duk wata uku ko ba a tambaya ba. Jami'in da ya saba ganin rahotonku shi zai ambaci sunanku a ɗakin da ba ku ciki.

Mataki na biyar: Abuja da shafukan masu tallafi

Masu son aiki kai tsaye da ƙasashen waje su yi rajista da Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsaren Tattalin Arziki ta Tarayya, sashen hulɗa da ƙasashen waje. Tsohon gwamnanmu Abubakar Atiku Bagudu aka naɗa ministanta a 2023, amma kada wannan ya sa wani ya ɗauka zama ɗan Kebbi zai maye gurbin takarda. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF, wadda ofishinta na Sakkwato ke kula da Kebbi da Zamfara, suna da shafi guda mai suna UN Partner Portal inda ƙungiya ke buɗe bayananta kyauta, a can kuma ake fitar da sanarwa. In abin da kuke nema ya zo a siffar kwangilar gwamnati, za a ƙara neman takardun hukumar fansho, PenCom, da na asusun inshorar ma'aikata, NSITF. A fansho, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ɗaukar aiki kashi 10. NSITF kashi 1 na jimillar albashi.

Mataki na shida: abin da za a buɗe ranar da aka zo

Duk abin da ya gabata shiga layi ne. Tantancewa ta gaske ita ce ranar da mutum biyu ko uku suka sauka a ƙofar ofishinku da jerin tambayoyi. Ofishin ba sai ya zama babba ba. Ɗaki ɗaya a Jega mai allo a ƙofa, da yarjejeniyar haya da sunan ƙungiya, da kabad mai makulli, ya wadatar.

Abin da sukan yi shi ne su ɗauki takardar shige da ficen kuɗi ta banki, su ɗora yatsa a kan layi ɗaya, a ce naira 180,000 da ta fita a watan Maris, su ce a nuna musu labarinta. A nan za ku ɗauko takardar da aka nemi kuɗin, da sa hannun wanda ya amince, wanda ba shi ne ya nema ba. Sai farashi a rubuce daga 'yan kasuwa uku, da dalilin zaɓen ɗaya. Sai bauca, wato takardar biyan kuɗi, mai lamba, da rasit, da shigarwa a littafin kuɗi. In buhunan gero aka saya, sai jerin waɗanda suka karɓa, da ƙauyensu, da sa hannu ko dangwale. In ɗaya ya ɓace a wannan sarƙa, za su ɗauki wani layin. In uku suka ɓace, sai su rufe littafinsu su yi godiya.

Shi ya sa nake cewa a fara wannan tun ana aiki da karo-karon mambobi. Yawancin sanarwa suna neman rahoton odita na shekara biyu ko uku, wanda akanta mai lasisin ICAN ko ANAN ya sa wa hannu, kuma odita ba zai binciki abin da ba a rubuta ba. Akwai masu buga rahoton shekara uku cikin dare ɗaya. Lambobinsa ba sa haɗuwa da na banki, kuma wanda aka kama da wannan, sunansa ya ɓaci a wurin masu tallafi da yawa lokaci guda, don suna magana da juna.

Za su kuma nemi ƙa'idoji a rubuce: na kuɗi, na sayen kaya, na ɗaukar ma'aikata, na kare yara, na hana lalata da cin zarafin waɗanda ake taimakawa, da na hana son kai a kwangila. Shafi uku da ma'aikatanku suka fahimta ya fi shafi sittin da aka kwafo. Sukan ja direba ko mai rabon kaya gefe su tambaye shi, in yarinya ta kawo ƙorafi wa zai gaya wa. A fassara ƙa'idojin zuwa Hausa a karanta wa kowa. Jerin sunayen marayu da zawarawa da lambobinsu kuma amana ce da dokar kare bayanai ta 2023 ta rufe, ba a yawo da shi a WhatsApp.

Ta inda kuɗin ke shigowa

Manyan shirye-shiryen Bankin Duniya a jihar, irin su AGILE na karatun 'yan mata da shirin Nigeria for Women, waɗanda Kebbi na cikin jihohin farko da suka fara su, da NG-CARES da ACReSAL, kowanne yana da ofishin gudanarwa a jiha. Kuɗinsu ta hannun gwamnati yake bi, wani kaso ya tafi kai tsaye ga kwamitocin makarantu ko na al'umma. Ƙungiya tana shiga ne a matsayin mai wayar da kai, mai horarwa ko mai sa ido, bayan an fitar da sanarwa a jarida. Sabuwar ƙungiya ta fi samun shiga ta ƙarƙashin babbar da ta riga ta ci tantancewa. Ku karɓi ƙaramin aiki, ku gama shi da tsabta, ku nemi takardar shaidar kammalawa. Duk wanda ya kira ku ya ce an zaɓe ku amma sai kun biya kuɗin fom a asusun wani mutum, ku kashe wayar.

Kada takardu su mutu

Rahoton shekara na CAC ana miƙa shi tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ban da shekarar da aka yi rajista, tare da rahoton odita. In aka yi sakaci, shafin hukumar zai nuna ƙungiyar ba ta aiki, kuma kowa na iya dubawa da wayarsa, ga tara tana taruwa. Takardar shaidar haraji, ta PenCom da ta NSITF duk shekara ake sabunta su, don haka a fara nema tun Janairu. Littattafan kuɗi da rasit a adana na aƙalla shekara shida. In amintacce ya rasu ko ya ajiye, ba a goge sunansa da biro kawai: sai an yi taro, an sake sanarwa a jarida, an jira kwana 28, CAC ta amince, sannan a kai sabuwar takardar banki da SCUML a canza masu sa hannu.